Gwajin Sanyi a Ɗakin Kifi

Har yau idan Umma ta ce in ɗauko mata ruwa a firji, daga nesa nake tsayawa in miƙa hannu, kamar mai ba baƙon kare abinci. Kwana tara ke nan da faruwar abin. Duk gidanmu dariya ake yi in an tuna, har Umma da ba ta cika dariya ba. Ni ma nakan taya su, sai dai tawa a leɓe take tsayawa.

Yayata ce silar komai, ko da yake ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Shekara biyu ke nan mijinta ya tafi da ita Kanada inda yake karatu, sai ga cikin fari. Da a nan Keffi ne, da tuni ta dawo gida goyon ciki, an tanadi itace da tukunyar wanka da gero da kanwa. To can ba uwa ba uwar ɗaki, sai miji mai fita da safe ya dawo da yamma. Aka zauna aka ce dole wani ya je ya yi mata zaman jego. Umma ta ce 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa, balle ta ƙetare teku ta je ta tare mata a ɗaki, ga kuma ciwon gwiwa. Goggo, yayar Babanmu, ta ce ita za ta je, ai rabin matan unguwarmu ita ta yi musu wankan jego. Aka haɗa ni da ita don in riƙa karanta mata allunan filin jirgi, tunda na gama sakandare ina zaune ina jiran gurbin karatu. Muka cike takardu muka zuba ido. Da amsa ta fito, ni 'yar rakiya aka ba biza, Goggo aka hana.

Goggo ta yi kwana biyu tana faɗa da Turawan da ba ta taɓa gani ba. A na uku ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "To, in an hana gwani, sai gwani ya koya wa wanda aka ba." Ta zaunar da ni ta koya mini dama kunun kanwa, da gasa jikin mai jego, da yadda ake tallabe kan jariri a ruwa. Da kabewa muka yi gwajin wankan. Sau biyu tana suɓuce mini.

Saura Baba. Baba tsohon ma'aikaci ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin motar asuba zuwa Abuja, kuma abin da ya dawo mana da shi daga ofis kalma ɗaya ce: hujja. Ko cewa ka yi gishiri ya ƙare, sai ya ce a kawo robar ya gani. Ni kuwa ina 'yar shekara shida limoniya ta kusa tafiya da ni, tun daga nan Baba ya ɗauki ƙirjina kamar ƙwai a cokali. Ba a ba ni ruwan sanyi, ba na kwana a saitin fanka. Hadari na haɗuwa zai ɗaga murya ya ce a shigo da Auta, sai ka ce shanya.

"Yarinyar da iskar fanka ke kwantarwa," in ji Baba, "ita za ku tura inda ruwa ke zama dutse?"

"To wa za a tura? Kai za ka je ka dama kunun?" in ji Goggo. Ita kaɗai ce a duniya ke yi masa irin wannan magana, don ita ta goya shi.

"Hajiya, ni ban ce a'a ba. Ku kawo mini hujja cewa za ta iya sanyin can. Kuma in na ji tari ɗaya, ɗaya tak, kafin ranar tafiya, an fasa."

Ana cikin haka Yaya ta haihu, 'ya mace, kuma aiki aka yi mata. Da muka yi magana ta bidiyo ta juya mana wayar ta taga, muka ga duniya fari fat, motoci sun zama kamar kaburbura. Ta ce sanyin ranar ya kai ashirin ƙasa da sifili.

"Sifili ai babu ke nan," in ji Goggo. "Su har ƙasa da babu gare su?"

Baba bai yi dariya ba. Lambar ya rubuta a bayan kalanda.

Washegari Goggo ta ja ni wajen 'yan gwanjo. Ƙarshen Fabrairu ne, zafi ya fara kankama, kayan sanyi suna can ƙasan dila ba mai tambayarsu. Mai kayan ya zaƙulo wata jaket ja mai kaurin katifa, ya kakkaɓe ta ya ce, "Hajiya, wannan daga can ta fito. Gida za ta koma, ta san hanya." Muka haɗa da rigunan sanyi uku, da wando mai gashi a ciki, da safa, da safar hannu ɗaya baƙa ɗaya ruwan toka, da takalmin wani ƙaton Bature wanda sai na sa safa huɗu yake kama ni. Sai wata hula mai rufe fuska duka ta bar ido kawai, irin ta 'yan fashi, wadda in ka gan ta a hanyar Gitata ba sai an ce ka kwanta ba.

Daga can muka biya Sabon Gari sayen kifi wajen Mama mai kifi. Ita da Goggo sun fi shekara ashirin tare. Da Kirsimeti shinkafarta na zuwa gidanmu, da Sallah namanmu na zuwa nata, kuma ba su taɓa rabuwa ba tare da sun yi musu a kan girman kifi ba. Tana da ɗakin ƙanƙara a bayan shago, inda take ajiye katan-katan na kifi da kaji tana sarar wa masu faranti. Goggo ta zayyana mata komai, har da lambar da Baba ya rubuta.

"Ashirin?" in ji Mama. "Hajiya, ai nawa ɗakin sha takwas ne in akwai wuta. Zo ki gani."

Ta nuna mana wani ɗan ma'auni a jikin bango. Goggo ta dubi lambar, ta dubi ƙofar, ta dube ni. Na san wannan kallon. Irinsa ta yi wa kabewa.

"Ashe Kanada na Sabon Gari muke ta wahala," in ji ta. "Madam, gobe za ki ara mana ɗakin nan minti goma."

Ni ban yi musu ba, gaskiya. Har daɗi na ji. Na ce in na shiga na fito, a ɗauke ni hoto a bakin ma'aunin, Baba ya samu hujjarsa.

Kuskuren farko a gida muka yi shi. Goggo ta ce 'ya mace ba ta tuɓe a shagon mutane, don haka a gida zan shirya. Bayan azahar, Baba ya fita gaisuwar rasuwa, ta kulle mu a ɗakinta. Ta fara mulke mini ƙirji da baya da man zafi, rabin kwalba. Sannan singileti, sannan riga biyu, sannan rigunan sanyin nan uku ɗaya bisa ɗaya, wando biyu, zane a kai don mutunci, safa huɗu, takalmin Bature, jaket. Ta ɗora mini babban hijabinta don kada 'yan unguwa su gane. Hannuwana suka ƙi sauka, suka tsaya a buɗe kamar na kazar da aka gasa.

Mai keken da muka tsayar ya daɗe yana kallona.

"Hajiya, kayan a baya za a sa ko a ɗaure a sama?"

"Uwarka ce kayan. Ja mu je."

Daga unguwarmu zuwa Sabon Gari ba nisa, amma ranar mun tarar da wata tirela ta gitta a hanya. Muka tsaya a rana. Gumi ya fara bin bayana, ya sauka ta cinya, ya taru a takalmin Bature har ina jin yatsuna na iyo. Man zafi ya haɗu da gumi, na ji kamar an zuba mini yaji a riga. Kafin mu isa babu inda ya rage busasshe a jikina, ni kuwa ba abin da nake marmari a duniya irin ɗakin nan.

Mama na ganina ta dafa tebur tana dariya har da hawaye. Da ta nutsu ta ja mu baya. Ƙofar ɗakin kauri gare ta kamar bango, da wani ƙaton hannu na ƙarfe a waje.

"Hannun ciki ya karye tun bara," in ji ta, "amma ba komai, muna nan bakin ƙofa. Minti biyar ya isa."

"Goma," in ji Goggo. "Ba ki san ƙanena ba. Biyar zai ce leƙe ne."

Ta karɓi wayata don da ita za ta duba lokaci, tata lambobin sun yi mata ƙanana. Ta cire mini hijabi, ta ja mini hular nan har wuya. Ta ce za ta shiga tare da ni ta ga abin da idonta. Muka shiga. Taku uku ta yi, ta ja numfashi ɗaya, ta juya.

"Ni da aka hana biza, me ya kai ni?"

Ƙofa ta rufe da wani sauti mai taushi, tib.

Mintin farko kam aljannar duniya. Na tsaya tsakanin katan-katan, ƙwan fitila ɗaya a sama, fanka biyu na huro iska daga bango. Na hura baki na ga hayaƙi na fita, na sake hurawa. Na ce a raina, wannan ne sanyin da ake ta tsorata mu da shi? Har na fara shirya yadda zan ba Baba labari.

Sai gumin nan ya juya mini baya. Singiletin da ya jiƙe ya manne a ƙirjina kamar an shimfiɗa mini ɗanyen kifi. Man zafi kuwa, ashe munafuki ne: a rana wuta, a sanyi ƙanƙara. Duk inda Goggo ta shafa, nan sanyin ya fara shiga. Ruwan da ya taru a takalmi ya kama yatsuna. Riguna bakwai a jikina, amma sanyin ba ta waje ya zo ba, a ciki na shigo da abina tun daga gida.

Na fara ƙirga. Na ƙirga sittin sau goma, na ƙara sau biyu don kada in zalunci Goggo. Ƙofa shiru. Na matsa na ƙwanƙwasa. Da safar hannu a kan wannan ƙofa, ko ni ban ji ba. Na cire safar na buga da tafi, ƙarfen ya cije ni. Na yi kira, "Goggo! Mama!" Fankokin suka haɗiye muryar. Can nesa ina jin injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Na laluba inda hannun ƙofa ya kamata ya kasance, sai rami da guntun ƙarfe.

A nan ne na daina jin abin a matsayin wasa.

Na roƙi Allah a ɗauke wuta. A garin da ake ɗauke ta sau biyar kafin azahar, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ina cikin roƙon na tuna in an ɗauke, fitilar ma za ta mutu, in zauna a duhu da kifaye. Na yi maza na janye addu'ar.

Akwai wani katan a buɗe kusa da ni, kifayen a jere, bakinsu a hangame, idonsu fari. Kallona suke kamar tsofaffin 'yan haya sun ga sabon shiga. Na ce su ma fa haka suka fara. Na hango zaman makokina a ƙofar gida, mutane na tambaya, "Me ya same ta?" A ce, "Sanyin Kanada." "Ayya, ashe ta tafi?" "A'a, a Sabon Gari ya tarar da ita." Na so in yi dariya, sai kuka ya fito, hawayen suka yi sanyi a cikin hula tun ba su kai kumatu ba.

Sai ƙirjina ya fara ɗaurewa. Wannan ba zan iya mai da shi abin dariya ba ko yanzu. Na san wannan ɗaurewar, na san ta tun ina shekara shida: gadon asibiti, robar iska a hanci, Baba zaune a ƙasa da takalminsa na ofis. Na ji numfashina na gajarta. Na yi salati, na karanta duk abin da ya zo bakina, haƙorana na karo da juna har ayoyin na fita a gutsure. Kuma abin da ya fi tsaya mini a rai ba mutuwar ba ce. Tari ne. Na ce in na yi tari an fasa, Yaya za ta yi arba'in ita kaɗai da ɗinki a ciki.

Ban san daga ina dabarar ta zo ba. Na ga tarin kwalayen da aka kwashe kifinsu a lungu, busassu. Na yago ɗaya, na kutsa hannu ta ƙarƙashin riguna bakwai, na cusa shi tsakanin fatata da jiƙaƙƙen singiletin. Na sa wani a baya, wani a kowane gefe. Ƙarni ya cika mini hanci, amma ƙanƙarar ta daina taɓa ƙirjina. Na shimfiɗa wasu a ƙasa na hau. Na fara tsalle. Mai riga bakwai da takalmin Bature ba ta tsalle mai nisa, sai na koma aiki: na ɗauki katan daga wannan bango in kai wancan, in dawo in ɗauki wani. Nauyi gare su kamar bulo. Ina ɗauka ina karatu ina kuka. Da na kwashe bangon hagu kaf, na fara dawo da su. A hankali na ji jini ya dawo hannuna, ƙirjin ya ɗan saki.

Abin da ya faru a waje daga baya na ji. Ana rufe ni ba da jimawa ba aka kira la'asar. Goggo ta ce wa Mama, "Zan yi salla wajen mai ɗinki, ki buɗe mata in lokaci ya yi." Mama na fama da masu saye uku, ga injin markaɗe, abin da ta ji shi ne an buɗe mini za mu wuce. Ta ce, "To Hajiya, sai gobe." Goggo ba ta ji goben ba. Ta idar da salla, sai ga wata mata da Goggon ta taɓa yi wa 'yarta wankan jego, aka buɗe babin wa ya haihu wa ya yi ɓari. Wayata na cikin jakarta tana ta ƙirga lokaci ita kaɗai.

Wata mai sayar da abinci a bakin jami'a ce ta cece ni. Ta zo sayen katan guda, ta ce sai ta zaɓa da idonta, don wancan karon ƙanana aka ba ta. Mama ta ja ƙofa. Abin da suka gani shi ne wata jar halitta ba fuska, ido kawai, rungume da katan, tana tafe tana gurnani, hayaƙi na fita ta kanta.

"Jinin Yesu!" in ji matar. Takalminta ɗaya a nan ta bar shi.

Mama ta ja da baya ta dafe ƙirji. "Ke! Ba ku tafi ba?"

Na wuce ta da katan ɗin a hannu har tsakiyar rana, na zauna a ƙasa. Sai ga Goggo ta ɓullo tana gyara mayafi, tana cewa, "Yauwa, an fito? Ya Kanadan?" Ta ciro wayar ta duba. Na ga fuskarta ta sauya. Minti arba'in da ɗoriya.

"Madam! Ba na ce ki buɗe ba?"

"Hajiya, ba kin ce kun tafi ba?"

"In tafi in bar 'yar mutane a firiza? Kaza ce?"

"To da kika tafi salla, raka'a ɗari kika yi?"

Suna yi suna tuɓe ni, ɗaya na jan hannun dama ɗaya na hagu. Mama ta taɓa singiletin ta ce, "Kai! Wa ya sa mata jiƙaƙƙen kaya? Maigidana kullum yana shiga ɗakin nan ya yi awa yana jera kaya. Riga biyu da jaket, amma busassu. In ya yi gumi sai ya canza kafin ya shiga. Gumi ke kama mutum a ciki, Hajiya. Wannan kuma warin me? Man zafi? Kin kashe ni."

Ta ba ni rigarta busasshiya, ta aika aka kawo shayi mai citta, ta riƙe ƙafafuna a cinyarta tana ɗumama su da tafin hannu. Goggo kuwa ta kama kunnuwana biyu da hannuwanta tana hura musu baki. Can ta ce a hankali, "Da na ce wa ubanki me?"

Mama ta leƙa ɗakin ta fito. "Wa ya haɗa mini kaji da kifi? Yau sai na kwana ina nema."

A keke Goggo ta dawo hayyacinta. Ta ce, "Maganar nan ta mutu a Sabon Gari. Kin ji ko? Ko Ummanki." Muka cusa kayan a jakar buhu. Hoton ma da aka je dominsa ba a ɗauka ba.

Muna shiga muka tarar Baba ya dawo, yana kan tabarma a gindin mangwaro da rediyonsa. Kyanwar maƙwabta, wadda ba ta taɓa kula ni ba, ta diro daga katanga ta biyo ni tana shafa ƙafata. Baba ya ɗaga hanci.

"Kifi za a ci yau?"

"Kifi," in ji Goggo.

"Ina yake?"

Goggo ta dubi hannunta, ta dubi nawa. Jakar buhu kawai. Ni kuma atishawa ta taso mini tun daga tafin ƙafa. Na danne ta, na haɗiye, idona ya kawo ruwa. Na durƙusa in gaishe shi don in ɓoye fuska, sai na ji wani abu ya zame daga bayana ya faɗi a tabarma. Guntun kwalin da na cusa a ƙugu ne, ya tsira daga tuɓewar Mama. Ga hoton kifi a jiki, shuɗi, yana murmushi.

Baba ya ɗauka. Ya ciro tabarau ya sa. Ya karanta gaba, ya juya baya, ya shinshina.

"Auta."

Ban taɓa iya yi wa Baba ƙarya ba in ya sa tabarau. Na faɗa masa duka, tun daga man zafi har takalmin mai abinci. Goggo na tsaye tana kallon mangwaro kamar yau ta fara ganinsa. Da na kai wajen hannun ƙofa, Baba ya kashe rediyo.

"Hajiya," ya ce, "da ba ke kika goya ni ba..."

"Na sani," in ji Goggo. "Faɗi. Yau kam faɗi."

Bai faɗa ba. Ya ce in matso. Ya ɗora kunnensa a bayana kamar yadda yake yi ina ƙarama, ya ce in ja numfashi, in sake, in ƙara ja. Ya daɗe a haka. Sannan ya tashi ya shige ɗaki da kwalin a hannunsa.

Kwana uku gidanmu ya koma gidan sauraro. Ko cokali na ajiye sai an waigo. Umma ta dafa mini citta da kanumfari har na fara jin ƙamshinsu a gumina. Baba ya fasa fita, ya dasa kujera kusa da tagar ɗakina wai yana karanta jarida. Ran na biyu akuyarmu ta yi tari a bayan ɗaki, sai ga shi ya faɗo ba sallama, hula a karkace. Ni dai mura ce ta ɗan taɓa ni, ta kwana ɗaya ta wuce. Tarin bai zo ba.

Ran na huɗu da hantsi ya kira ni, ya sa aka kira Goggo. Ya buɗe fayil ɗin da yake ajiye fasfona da takardun tafiya. A saman su duka ga guntun kwalin nan, ya huda shi ya ɗaure da zaren fayil, ya rubuta kwanan wata a gefen kifin.

"Minti arba'in," ya ce, "da jiƙaƙƙen kaya, ba kowa a kusa. Ta nemi kwali, ta nemi aiki. Ba ta yi tari ba." Ya rufe fayil. "Ban ce an kyauta ba, Hajiya. Amma hujja ce. Ta tafi."

Goggo ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa sai na ji bakina na cewa, "Baba, ni na fasa."

Ban shirya faɗa ba, fita ta yi. Jikina ya ɗauki rawa a tsakiyar zafin nan. Na ce ba zan iya ba, can duk garin ne ɗakin Mama, kuma ba mai abincin da za ta zo zaɓen katan. Baba bai yi faɗa ba. Ya dube ni, ya ɗauki waya ya kira Yaya ta bidiyo, ya miƙo mini.

Goggo ce ta fizge wayar ta ba ta labarin, da ƙari. Yaya ta yi dariya har ta riƙe ciki tana cewa, "Goggo ki bari, ɗinkina!" Da 'yar shimi take zaune, a wannan ƙasa ta ƙasa da babu. Ta ce, "Auta, wa ya ce miki a waje ake zama? Gida da ɗumi, mota da ɗumi, kanti da ɗumi. Daga ƙofa zuwa mota ne kawai. Riga biyu da jaket, ki rufe kunne da yatsu, shi ke nan. Kuma kada ki sa su tun daga Keffi, don Allah, ki riƙe a hannu sai kin sauka."

Sai jaririyar ta tsanyara kuka. Yaya ta ajiye wayar a jingine, na ga ta dafa kujera tana son miƙewa. Sau biyu tana gwadawa. Ta tafi a duƙe, hannu ɗaya a mara, ɗaya a bango. Ba kowa a ɗakin. A kan tebur ga kofin shayi da guntun burodi, abincin mai jego ke nan. Da ta dawo da yarinyar a kafaɗa ta yi murmushi ta ce, "In kina tsoro ki zauna, wallahi ba komai. Muna lallaɓawa."

Goggo ta juya baya tana share ido da bakin mayafi.

Na ce, "Yaya, tashi ki nuna mini ƙofarku."

"Ƙofa?"

"Ta ciki. Hannun."

Ta lallaɓa ta je ta nuna mini. Na ce ta murɗa in gani. Ta murɗa, ta buɗe. Na ce ta banɗaki fa? Ta nuna. Ta kicin, ta ɗakin da zan kwana, har ta ƙasan bene. Duka suna da hannu, duka suna buɗewa. Baba na gefena yana leƙe ta saman tabarau, yana gyaɗa kai a kan kowace ɗaya.

Na ce, "To ina zuwa."

Jibi ne tafiyar. Garin kunu da kanwa da daddawa sun cinye akwati ɗaya. Jaket ɗin an wanke ta sau uku, tana kan igiya yanzu haka, kyanwar maƙwabta na zaune a ƙarƙashinta ta ɗaga kai. Goggo ta sa kwalbar man zafi a jakata, na cire, ta mayar, na sake cirewa. Mama ta aiko mini da safa sababbi guda biyu, da saƙon cewa ta sa an gyara hannun ƙofar, in zo in gani kafin in tafi. Na ce a gaishe ta, na yarda ba sai na gani ba.